Ɗanyen Tanki da Lafiyar Kifi: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan fitowa sun zo ne daga masu sha'awar kiwon kifin teku a tankin gilashi, kuma kusan dukkansu suna magana ne a kan makonnin farko, lokacin da tanki yake ɗanye bai nuna ba. Na zaɓi biyar daga cikinsu, na kuma taƙaita tambayoyin domin amsa ta sami wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na haɗa tanki mai cin lita 200, na zuba yashi da busasshen dutse, na dama gishirin teku yadda aka rubuta a jikin buhunsa. Yau kwana uku ke nan ruwan ya yi garau, amma wani da ya daɗe a harkar ya ce kada in kuskura in saka kifi sai bayan wata guda ko fiye. Mene ne ake jira, tun da ruwan ya riga ya washe?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya ba ka wannan shawara ya yi maka alheri, domin abin da ake jira ba a ganinsa da ido, kuma washewar ruwa ba ta da wata alaƙa da shi. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya dare da rana, mafi yawansa ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai, sannan kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ƙara a kai. A teku wannan ba matsala ba ce, saboda yawan ruwan ya isa ya salwantar da ita, amma a lita 200 babu inda za ta je, sai dai ta taru har ta ƙona gaɓoɓin da kifin yake numfashi da su. Abin da ke ceton tanki shi ne wasu ƙananan halittu da ke manne a jikin dutse da yashi da soson matata. Rukuni na farko yana cin amoniya ya mayar da ita naitirayit, wanda ake rubutawa NO2, rukuni na biyu kuma ya karɓi naitirayit ɗin ya mayar da shi naitiret, wato NO3, wanda dafinsa kaɗan ne ƙwarai kuma ana rage shi da sauyin ruwa. Sunayen biyu sun yi kama da juna, don haka ka riƙa duba lambar da ke jikin kwalbar gwaji kafin ka ɗiga.

Wani masanin ƙananan halittu mai suna Sergei Winogradsky ne ya fara ware waɗannan bakteriya a wajen 1890, ya kuma nuna cewa aikin mataki biyu ne, kowane mataki da masu yinsa. Abin sha'awa ga mai tanki shi ne, a 2005 an ware wata halitta mai cin amoniya da aka raɗa wa suna Nitrosopumilus maritimus, kuma daga wani tankin kifin teku na gidan nunin kifaye da ke Siyatil a Amurka aka samo ta. Ita ba ma bakteriya ba ce, 'yar wani rukuni ce da ake kira arkiya. Abin da ya haɗa su duka shi ne jinkirin hayayyafa. Akwai bakteriyar da ke ninka kanta cikin minti 20, amma waɗannan sukan ɗauki rabin yini zuwa yini guda, ko fiye, kafin ɗaya ta zama biyu. Wannan jinkiri shi ne dalilin da ya sa tankin da aka fara da busasshen dutse yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ya nuna.

Sai dai akwai kuskuren da nake so ka guje masa, domin na lura ba ka ambaci cewa ka zuba wani abu a ruwan ba. Jira kawai ba ya nunar da tanki. Idan babu amoniya a ciki, waɗannan halittu ba su da abin ci, kuma za ka iya barinsa wata biyu ya kasance ɗanye kamar ranar farko. Dole ne ka ciyar da su da kanka. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce amoniyam kulorayid da ake sayarwa musamman don wannan aiki, a ɗiga shi har gwaji ya nuna miligiram 2 a kowace lita. Wasu suna jefa ɗanyen jatan lande guda ɗaya su bar shi ya ruɓe, kuma yana yin aikin, amma ba ka da iko a kan yawan amoniyar da zai fitar, ga shi yana gurɓata ruwa da wari. Kada ka bari amoniya ta haura miligiram 5 a lita, domin yawanta na iya danne rukuni na biyu, aikin ya ƙara tsawo maimakon ya ragu.

Sauran sharuɗɗan ba su da wuya. Ɗumin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26 a ma'aunin Salshiyas, nauyin gishiri, wato nauyin ruwan idan aka kwatanta da na ruwa marar gishiri, ya kasance kusan 1.025, ma'aunin pH kuma, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda lambarsa ke hawa idan tsami ya ragu, tsakanin 8.0 da 8.3. Injin juya ruwa ya riƙa aiki ba tsayawa, yana kaɗa saman ruwan, saboda wannan aiki yana cin iskar oksijin sosai: sarrafa miligiram ɗaya na naitirojin ɗin da ke cikin amoniya yana cinye kusan miligiram 4.5 na oksijin. Fitila kuwa ka bar ta a kashe, waɗannan halittu ba sa bukatar haske, gansakuka ce kaɗai za ta amfana da shi. Ka riƙa gwaji duk bayan kwana biyu ko uku kana rubutawa a littafi. Za ka ga amoniya ta fara sauka, naitirayit ya hau ya daɗe a sama kafin shi ma ya faɗo, naitiret kuma ya bayyana. A nan ne za ka yi wa tankin jarrabawa: ka sake ɗiga amoniya zuwa miligiram 1 ko 2, ka dawo bayan awa 24. Idan ka tarar amoniya ta koma sifili, naitirayit ma ya koma sifili ko ya kusa, to tanki ya nuna. Idan ba haka ba, ko da ya cika wata biyu, da saura.

TAMBAYA: Malam, ina cikin damuwa. Wanda ya sayar mini da kayan tanki ya ce in dai na haɗa gishiri daidai zan iya saka kifi washegari, haka kuwa na yi, na saka kifin kilawun guda biyu a tanki mai lita 120. Yau kwana takwas, ɗaya ya daina cin abinci, dukkansu suna haki a kusa da saman ruwa. Na gwada ruwan, amoniya ta nuna miligiram 1 a lita. Yaya zan yi?

AMSA: Malama, Allah ya ba su lafiya. Tun da har suna iyo, akwai abin da za a iya yi, amma yau za a yi shi, ba gobe ba. Miligiram 1 a ruwan teku abu ne mai hatsari, kuma ina so ki fahimci dalili, domin shi ne zai hana ki yin kuskure na biyu. Amoniya iri biyu take zama a ruwa: akwai NH3 mai dafi, wadda ke ratsa gaɓoɓin numfashi ta shiga jini, akwai kuma NH4 wadda cutarwarta kaɗan ce. Ma'aunin pH da ɗumin ruwa su ne ke raba su, kuma duk lokacin da pH ya ƙaru da lamba ɗaya, kason mai dafin yana ninkuwa kusan sau goma. Ruwan teku yana zaune ne a sama da 8, don haka adadin amoniyar da kifin ruwan daɗi zai jure a pH 7 yana iya halaka kifin teku. Saboda haka kada ki zuba wani sinadarin ɗaga pH a kwanakin nan, kada kuma ki ƙara zafin hita da nufin gaggauta aikin bakteriya, domin duka biyun ƙara wa amoniya kaifi suke yi.

Mafita mafi alheri, idan za ta samu, ita ce a fitar da kifin. Ki roƙi wanda ya sayar miki ya karɓe su ajiya, ko wani da kika sani mai tankin da ya daɗe yana aiki, har naki ya nuna babu kifi a ciki. Babu abin kunya a cikin wannan. Idan hakan ba zai yiwu ba, to sauyin ruwa shi ne maganinki, kuma lissafinsa a fili yake: idan kika sauya rabin ruwan, amoniya za ta sauka daga 1 zuwa 0.5, idan kika sake sauya rabi bayan wasu awanni ko washegari, ta koma kusan 0.25. Burinki shi ne ki riƙe ta a ƙasa da 0.25 a kowace rana, wanda ke nufin gwaji safe da yamma, da kuma ajiye ruwan da aka riga aka dama a babban bokiti a kowane lokaci. Sabon ruwan ya daidaita da na tanki a gishiri da ɗumi, kuma a bar shi yana juyawa na wasu awanni har gishirin ya narke sarai, domin zuba gishiri kai tsaye a tankin da ke da kifi wata cuta ce daban. Idan ruwan famfo kike amfani da shi, wajibi ne a kashe kulorin ɗinsa tukuna, saboda yana kashe kifi da bakteriya baki ɗaya. Wasu hukumomin ruwa kuma kuloramin suke zubawa, wanda idan aka warware shi yakan bar amoniya a ruwan, don haka ki gwada sabon ruwan ma kafin ki zuba.

Na san za a sami wanda zai ce miki sauyin ruwa yana mayar da aiki baya. Wannan magana ba ta da tushe mai ƙarfi, domin bakteriyar ba a cikin ruwa suke yawo ba, a manne suke da dutse da yashi da soso, kuma 'yar amoniyar da kifin ke ci gaba da fitarwa ta ishe su abinci. Abin da ke mayar da aiki baya shi ne wanke soson matata da ruwan famfo, ko sauya shi da sabo, ko barin dutse ya bushe a waje. Waɗannan ki guje musu.

Ki dakatar da ciyarwa na kwana ɗaya ko biyu, lafiyayyen kifi yana jure hakan, daga nan ki koma ba su ɗan abin da za su cinye cikin minti ɗaya, ki kuma tsame duk abin da ya rage. Ki ƙara iska, ko da dutsen kumfa ko ta hanyar ɗaga bakin injin ya riƙa kaɗa saman ruwa, domin kifin da gaɓoɓin numfashinsa suka ƙone yana bukatar oksijin fiye da da. Idan za ki iya samun soso ko ɗan dutse daga tankin da ya nuna kuma kika tabbatar babu cuta a cikinsa, ki kawo shi a jiƙe ki saka, wannan yana rage kwanakin wahala ƙwarai. Akwai kuma magungunan da ake cewa suna ɗaure amoniya na ɗan lokaci. Za ki iya amfani da su a matsayin agajin gaggawa, amma ban yarda a dogara da su a bar sauyin ruwa ba, ga shi kuma suna rikita sakamakon wasu kayan gwaji, musamman masu amfani da sinadarin Nessler.

Abu ɗaya da zai kwantar miki da hankali shi ne, bayan 'yan kwanaki za ki ga naitirayit ya hau, kuma idan kika karanta abin da masu kifin ruwan daɗi ke faɗa a kansa za ki firgita. A ruwan teku hatsarinsa ya ragu sosai, domin naitirayit yana shiga jikin kifi ne ta ƙofar da kulorayid ke bi, kuma ruwan teku yana ɗauke da kulorayid kusan giram 19 a kowace lita, wanda ke tare masa hanya. Ki ci gaba da lura da shi, amma hankalinki ya fi karkata ga amoniya.

TAMBAYA: Na ga kwalaben bakteriya da aka rubuta a jikinsu cewa ana iya saka kifi a ranar da aka zuba su. Gaskiya ne? Wani kuma ya ce in sayi kifin damsel mai juriya in fara da shi, haka ake yi tun da can.

AMSA: Malam, kwalaben da suka fito daga kamfanonin kirki suna ɗauke da halittu masu rai, kuma suna iya mayar da aikin makonni ya zama na kwanaki. Matsalar ita ce ba ka san tafiyar da kwalbar ta yi kafin ta iso hannunka ba. Idan ta sha zafi mai tsanani, ko ta daskare, ko ta wuce wa'adinta, abin da ke ciki ya mutu, kuma babu yadda za ka gane hakan ta kallon kwalba. Don haka ra'ayina shi ne ka saya, ka zuba, ka kashe fitilar kashe ƙwayoyin cuta da injin kwashe kumfa na 'yan kwanaki, sannan ka yi wa tankin irin jarrabawar da na bayyana a amsa ta farko. Idan kwalbar tana da rai, gwajin zai shaida maka cikin kwanaki kaɗan, kuma ba ka yi asarar komai ba. Idan ta mutu, gara ka sani daga kwalbar gwaji da ka sani daga gawar kifi.

Batun damsel kuwa, gaskiya ne haka aka riƙa yi a da, amma ba na goyon bayansa ko kaɗan. Juriyarsa ba ta nufin amoniya ba ta ƙona shi, tana nufin yana daɗewa bai mutu ba ne kawai, kuma tun da akwai kwalbar amoniyam kulorayid da ke yin aikin da ake so ya yi, babu uzurin azabtar da mai rai. Ban da haka, yawancin damsel mafaɗata ne. Wanda ya riga kowa shiga tanki yakan ɗauke shi gidansa, ya riƙa korar duk kifin da ya zo daga baya, kuma kamo shi daga tsakanin duwatsu yakan tilasta a rushe ginin tankin gaba ɗaya.

TAMBAYA: Kifina suna hanya, amma babban tankina bai nuna ba. Zan iya ajiye su a ƙaramin tankin killacewa kafin ya kammala?

AMSA: Za ka iya, Malam, kuma shawara ce mai kyau, domin ko da babban tankin ya nuna, ya kamata kowane sabon kifi ya yi aƙalla mako 4 a killace ana lura da shi. Cutar farin ɗigo da ƙwayar cutar Cryptocaryon ke haddasawa, da cutar da ƙwayar Amyloodinium ke kawowa wadda ta fi ta saurin kisa, idan suka shiga tankin da ke da dutse da yashi, fitar da su yakan bukaci a kwashe kifin duka a bar tankin babu kifi fiye da wata biyu. Amma ka tuna cewa tankin killacewa shi ma ɗanye ne, kuma ƙarancin ruwansa yana sa amoniya ta taru da sauri fiye da a babba, shi ya sa kifin da ke mutuwa a killace sau da yawa amoniya ce ke kashe su ba cutar da ake tsoro ba. Ka saka masa matatar soso wadda ta riga ta nuna, ko ka zuba mata bakteriyar kwalba tun kafin kifin su iso, ka sa hita da murfi da guntayen bututun roba da kifin za su ɓuya a ciki, ka bar ƙasan babu yashi domin zuƙe datti ya yi sauƙi. Akwai wani ɗan allon gwaji da ake mannawa a cikin gilashi, yana sauya launi idan amoniya mai dafi ta bayyana, kuma a tankin killacewa yana da amfani ƙwarai.

Gargaɗi biyu ne ba na so su wuce ka. Idan har ka fara ba da maganin jan ƙarfe, wanda ake yaƙar waɗannan cututtuka da shi, kada ka haɗa shi da maganin ɗaure amoniya, domin haɗuwarsu na iya mayar da jan ƙarfen ya koma nau'in da ya fi dafi, kifin su mutu cikin ƙanƙanin lokaci. A wannan hali sauyin ruwa ne kaɗai hanya, tare da daidaita maganin a sabon ruwan kafin a zuba. Na biyu kuma ya shafi ranar isowarsu. Kifin da ya kwana a leda ya cika ruwansa da amoniya, amma iskar da ya fitar wajen numfashi ta saukar da pH, wanda ya sa dafin ya kwanta. Da zarar ka buɗe ledar, iskar ta fita, pH ya fara hawa, dafin ya farka. Saboda haka ka ɗora ledar a rufe a kan ruwa na kimanin minti 15 ɗumi ya daidaita, ka gwada gishirin ledar ka daidaita na tankin killacewa da shi, sannan ka tsamo kifin ka saka ba tare da ka daɗe kana ɗiga masa ruwa a cikin wancan gurɓataccen ruwan ba. Ruwan ledar kuma zubar da shi ake yi.

TAMBAYA: Tankina ya ci jarrabawar awa 24, amma naitiret ya yi sama, wani abu mai ruwan ƙasa ya rufe yashi da gilashi, ruwan kuma ya ragu da kusan yatsa biyu. Shin wani abu ya lalace ne? Kuma kifi nawa zan fara da su?

AMSA: Babu abin da ya lalace, Malam, barka da wannan mataki. Abin da ya rufe yashin wata ƙaramar gansakuka ce da ake kira dayatom, tana rayuwa ne da sinadarin silika da ke fita daga sabon yashi da dutse ko daga ruwan famfo, kuma takan janye da kanta cikin 'yan makonni idan abincinta ya ƙare. Ruwan da ya ragu kuwa tururi ne ya ɗauke shi, gishirinsa yana nan a tanki, don haka da tataccen ruwa marar gishiri ake cikawa. Wanda ya riƙa cikawa da ruwan gishiri zai wayi gari nauyin ruwansa ya wuce abin da kifi ke iya ɗauka. Naitiret da ya taru shi ne ribar duk amoniyar da ka ɗiga, sai dai ka sani cewa idan da sauran naitirayit a ruwa, yawancin kayan gwajin naitiret suna nuna adadin da ya fi na gaskiya. Ka sauya kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan kafin kifi su shiga, ka yi ƙoƙarin saukar da shi ƙasa da miligiram 20 a lita, ka kuma duba pH, domin aikin bakteriya yakan ja shi ƙasa.

Ka fara da ƙananan kifi ɗaya ko biyu masu sanyin hali, waɗanda suka gama zaman killacewa, ka bar mafaɗatan su zo a ƙarshe. Yawan bakteriyar tanki yana bin yawan abincin da suke samu ne, saboda haka duk ƙarin kifi yana bukatar lokacin da za su hayayyafa su cim masa. Ka bar mako biyu zuwa uku tsakanin kowane ƙari, kana gwada amoniya kullum a makon farko. Dodon koɗi da sauran masu share gansakuka su jira har ta bayyana sosai, in ba haka ba yunwa za ta kashe su, su ruɓe su tayar da amoniya. Murjani masu laushin rai da anemoni, wata dabbar teku mai kama da fure, su kuwa a ba su watanni, sai gwaje-gwajen sun zauna wuri ɗaya. Idan kuma kifinka za su yi jinkirin shiga, ka ci gaba da ɗiga wa tankin 'yar amoniya ko ɗan abincin kifi sau ɗaya ko biyu a mako, ka dakata da kwana biyu kafin ranar sakinsu, ka kuma tabbatar gwajin safiyar ranar ya nuna sifili.